Me ya sa wata manhajar ke da sauƙi, wata kuma ke rikita mutum? Darasi daga masana'antun Bompai

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin injina a ɗaya daga cikin kamfanonin roba na Bompai a Kano, akwai abin da idonsa zai yi saurin kamawa a jikin inji: wani jan maɓalli mai faɗin kai, zaune a tsakiyar rawayar da'ira. Sabon lebura ba ya buƙatar dogon bayani a kansa. Ko bai iya Turanci ba, ko bai taɓa zama a aji ba, ya san idan hannun wani ya maƙale, wannan zai doka da tafin hannu, inji ya tsaya cak.

Ba don kwalliya aka yi shi haka ba. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 13850 da ta tanadi cewa maɓallin tsayar da inji na gaggawa ya zama ja, bayansa rawaya, kuma a sa shi inda hannu zai kai cikin sauri. Wasu ne suka zauna suka yi tunanin halin da mutum ke shiga idan ya firgita, suka cire masa wahalar karatu da ta zaɓi.

To, a bi wannan lebura bayan an tashi aiki a ƙarshen wata. Yana tsaye a bakin titin Maimalari yana jiran adaidaita sahu zuwa Dakata, alat ɗin albashi ya shigo. Yana so ya tura wa mahaifiyarsa Naira 20,000 a ƙauye. Ya sa lambar asusu, ya sa lambar sirri, ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, can sai kalma ɗaya ta fito da Turanci: "Pending". Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Babu mai faɗa masa. Sai ya sake dannawa. Kafin ya isa gida, Naira 40,000 sun fita daga asusunsa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi a doka yake Naira 70,000.

Galibi kansa zai zarga, ya ce rashin boko ne ya ja masa. Amma mutumin da ya iya sarrafa injin da ya fi adaidaita sahu girma bai kamata tura kuɗi ya gagare shi ba. Bambancin shi ne wanda ya tsara injin ya yi tunaninsa, wanda ya tsara wannan shafin na manhaja kuwa ya manta da shi.

Wane ne mai tsara manhaja?

Matasa da yawa sun ɗauka duk abin da ke cikin manhaja aikin mai rubuta umarnin kwamfuta ne. A kamfanonin da suka san abin da suke yi, aikin kashi-kashi ne. Misalinsa ginin gida: birkila ke ɗora bulo, amma mai zanen gida ne ke yanke inda zaure zai kasance, inda ƙofa za ta kalla, da yadda baƙo zai yi sallama ba tare da ya faɗa tsakar gida ba. Mai tsara manhaja shi ne mai zanen. Shi ke yanke abin da za a fara gani idan an buɗe, kalmar da za a rubuta a kan kowane maɓalli, yawan matakan da za a bi, da abin da waya za ta ce idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki.

Zaɓen launi da zana ƴan hotuna ɓangare ne kaɗan na aikin. Babban ɓangaren shi ne fahimtar mai amfani. Masanin nan ɗan Amurka, Don Norman, wanda ya yi aiki a kamfanin Apple daga 1993, ya yi suna da littafin da ya fitar a 1988 kan yadda ake tsara kayan amfanin yau da kullum. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a binciki abin da aka ba su kafin a zarge su. Ƙofar da kowa ke turawa alhali ja ake yi, laifin mai ƙofar ne.

Shekarar da kowa ya koma waya

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kafin a buɗe Sharaɗa da Challawa. A bakin kowane kamfani akwai ƙaramar kasuwa: mai shayi, mai ƙosai, mai shinkafa da wake, mai cajin waya. Shekara da shekaru cinikinsu da tsabar kuɗi ne.

A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa watan Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta zama sai mai rabo. Mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba dole ta sa suka koya a cikin kwanaki. Alƙaluman hukumar NIBSS, wadda ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi, sun nuna hada-hadar ta tashi daga kusan Naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kusan tiriliyan 600 a 2023.

A wannan lokacin ne OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga aljihun talaka. Saurin isar kuɗi ya taimaka musu ƙwarai, amma akwai wata ƙaramar dabara ta tsari da ba a cika lura da ita ba. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce. Lambar waya kuma 11 ce, da sifili a farko. OPay da PalmPay suka mayar da lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa, a cire sifilin kawai. Mai ƙosai ba ta da sabon abin haddacewa. Ba wata sabuwar fasaha aka ƙirƙiro ba, shawara ce aka yanke domin a rage wa ƙwaƙwalwar mutum kaya.

A ɗaya gefen ga eNaira, wadda aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021. Tun makon farko mutane suka yi ta ƙorafin cewa rajista ta gagare su. Daga baya aka fito da lambar *997# domin masu ƙananan wayoyi. Duk da haka, wani nazari da Asusun Lamuni na Duniya ya fitar a 2023 ya gano kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a kowane mako. Dalilan suna da yawa, har da rashin yarda da kuma rashin ganin abin da ta fi asusun banki da shi. Sai dai wannan ma tambayar mai tsarawa ce, kuma ita ce ta farko: wace matsala ce ta mutum wannan abu zai warware?

Tambayoyi uku da kowane shafi zai amsa

Idan aka tace aikin, duk shafin da ya shafi kuɗi dole ya amsa wa mai waya tambayoyi uku.

Ta farko: me zai faru idan na danna? Shi ya sa da zarar an sa lambar asusu, sunan mai asusun ke fitowa kafin kuɗi su tafi. NIBSS ce ke samar da wannan tantancewa, amma mai tsarawa ne ke zaɓar ya nuna sunan da manyan haruffa a tsakiyar fuska, ko ya cusa shi a lungu da ƙananan baƙaƙe. Haka ma cajin banki: a nuna shi kafin a nemi lambar sirri, kada mutum ya gan shi bayan aikin gama ya gama.

Ta biyu: abin ya faru ko bai faru ba? Nan ne leburan Bompai ya yi asara. Mai tsarawa nagari zai kulle maɓallin bayan dannawar farko, ya rubuta a fili cewa an cire kuɗin, ana jiran ɗaya bankin ya amsa, kada a sake turawa. Idan kuma mutum ya zo tura adadi ɗaya ga asusu ɗaya bayan minti biyu, manhajar ta tsayar da shi ta tambaye shi ko da gangan ne. Jimla biyu kacal, amma sun tsare Naira 20,000 na albashi.

Ta uku: idan na yi kuskure, ina hanyar komawa? Maɓallin fasawa ya kasance a bayyane, kuma kada ya manne da na turawa ta yadda babban yatsa zai zame daga wannan zuwa wancan. Google na ba masu tsarawa shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Ga mai kaushin hannu da ke riƙe da waya mai tsagaggen gilashi, wannan milimita 9 ita ce jan maɓallinsa.

Lamba 20 a cikin duhu

Wani misalin na cikin kowane gida mai mitar kati a Kano da Katsina da Jigawa, jihohin da kamfanin KEDCO ke ba wuta. Idan an sayi wuta ta waya, lamba 20 ake turowa. Mutum zai tsaya gaban mita, sau da yawa da fitilar wayar da yake karanta lambar daga cikinta, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuskure guda, mita ta ƙi.

Lambobin ba za su ragu ba, haka tsarin mitocin yake. Abin da ke hannun mai tsarawa shi ne yadda zai nuna su. Lamba 20 a jere ba tazara, ido zai ɓace a tsakiya. A raba su gida biyar, huɗu-huɗu, da manyan baƙaƙe, sai aikin ya zo da sauƙi. A kuma adana su a tarihin ciniki, domin wanda ya rufe shafin bisa kuskure ya same su.

An ga muhimmancin wannan gabanin 24 ga Nuwamban 2024, ranar da ma'aunin lokacin da ke cikin irin waɗannan mitoci, wanda ke ƙirga mintoci tun daga farkon 1993, ya cika. Domin sabunta mita, sai an shigar da wasu lambobi kashi biyu, kowanne 20, a jere yadda aka bayar, sannan a sa na wutar da aka saya. Lamba 60 ke nan. Saƙon da ya bambance na ɗaya da na biyu da na uku ya hutar da mutane, wanda ya zubo su a cakuɗe kuwa ya kwanar da gidaje a duhu.

Ba ƙauyanci ba ne

Duk mai ganin cewa marasa ilimi kaɗai manhaja ke rikitawa, ya ji abin da ya sami Citibank. A watan Agustan 2020, bankin ya tashi biyan kuɗin ruwa na kusan Dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon. Manhajar da ma'aikatan ke amfani da ita tana buƙatar a cike gurabe uku domin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki. Suka cike guda ɗaya, wanda sunansa ya yi kama da abin da suke nufi. Mutum uku ne suka duba, duk suka amince. Kusan Dala miliyan 900 suka fita. Wasu da kuɗin suka shiga hannunsu suka ƙi mayar da kimanin miliyan 500, aka tafi kotu, bankin ya sha kaye a 2021, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin.

Ƙwararru uku sun kalli shafi ɗaya sun fahimce shi a karkace. Tsakaninsu da leburan Bompai, yawan sifili ne kawai ya bambanta.

Misali daga titin Independence

Ba sai an je Amurka za a ga aikin da aka yi da tunanin mai amfani ba. A titin Independence, nan yankin Bompai, akwai ofishin ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009. Tana cikin waɗanda suka yi aikin wata manhaja mai suna AVADAR tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da kamfanin Novel-T, aka fara amfani da ita a Najeriya a 2016 domin farautar cutar shan-inna.

Matsalar ita ce yaron da ƙafarsa ta saki a ƙauye ba asibiti ake fara kai shi ba. Ungozoma da wanzami da mai maganin gargajiya da mai kyamis su ke fara ganinsa, kuma da yawansu ba za su iya cike fom ɗin Turanci ba. Sai aka tsara manhajar ta riƙa nuna musu gajeren bidiyo kowane mako, na yaro mai alamun cutar, da bayani a harshen da suke ji. Sannan ta yi tambaya ɗaya: an ga yaro mai irin wannan? E ko a'a. Amsar kan tafi ta saƙon tes, ba sai da data ba, jami'an lafiya su je su duba.

Kowace shawara a nan daga halin mai amfani aka ɗauko ta. Bai iya karatu ba, aka ba shi hoto da murya. Ba shi da data, aka bi ta tes. Zai iya mantawa, aka sa wayar ta riƙa tuna masa. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna. Masu rigakafi da suka bi gida-gida su ne gaba a wannan nasara, amma sa ido irin na AVADAR na cikin abin da ya ba da tabbacin cewa cutar ba ta ɓuya a wani lungu ba.

Fassara kaɗai ba ta isa ba

Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fara magana da Hausa a 2016, kuma yau wasu na'urorin cirar kuɗi suna da zaɓin Hausa. Sai dai mayar da kalmomi Hausa wani abu ne, sa Bahaushe ya gane wani abu ne daban.

Turanci da kalma ɗaya yake kiran namiji da mace da jama'a. Hausa sai an zaɓa: ka tura, ki tura, ko ku tura. Mai tsarawa ne zai yanke ko ya yi amfani da "ku" na girmamawa, ko ya bar umarnin tsirara, kamar "Danna nan". Akwai kuma bambancin "fasa" da "soke": wanda ya fasa tura kuɗi bai soke asusunsa ba, kuma kuskuren zaɓen kalma a nan zai iya tsorata mutum ya ƙi taɓa maɓallin sam. Ga haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda wasu nau'o'in rubutu ke nunawa a matsayin akwatin da babu komai ciki. A cire lanƙwasar kuma, "ƙasa" ta koma "kasa".

Sannan akwai dubban mutane da ke karanta ajami tiryan-tiryan amma boko na ba su wahala. Takardun Naira 200 da 500 da 1,000 har yau suna ɗauke da ajami, manhajojin da suka maye gurbinsu kuwa da wuya a ga mai shi. Ba mamaki saƙon murya na WhatsApp ya samu karɓuwa haka: a danna, a riƙe, a yi magana. A 2022 kamfanin ya ce ana tura saƙon murya biliyan 7 a kowace rana.

Kyan ɗan maciji

Wanda ya san yadda ake sauƙaƙa abu, ya san yadda ake ɓoye shi. Akwai manhajojin da ake tsarawa da gangan domin su ruɗi mutum: maɓallin karɓar bashi ƙato mai sheƙi, kuɗin ruwan kuma a ƙasa da rubutun da sai an ƙanƙance ido. Shiga da dannawa ɗaya, fita sai an sha zagaye. Wani mai tsarawa ɗan Birtaniya, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana fallasa su tun 2010.

A Najeriya an ga ƙarshen abin a manhajojin bashin gaggawa, masu neman izinin shiga lambobin da ke cikin waya, sannan su bi dangi da abokan wanda ya makara da saƙon tozarci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara dirar musu a 2022, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Ƙa'idar da mai waya zai riƙe ita ce: duk manhajar da ke gaggauta shi ya amince, tana kuma wahalar da shi wajen ganin sharuɗɗa, ta san abin da take ɓoyewa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ta yaya mai tsarawa ke gane ya dace? Ba a ofis mai sanyi ba, a kan sabuwar iPhone. Yakan fara da zane a takarda, ya mayar da shi samfurin gwaji a manhaja irin Figma, sannan ya miƙa wa ainihin mai amfani ya ce, misali, "Saya wa gidanku wutar Naira 2,000." Daga nan ya yi shiru yana kallo. Duk inda yatsa ya tsaya yana shawagi, akwai gyara a wurin. Masani Jakob Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani.

Ga manhajar da aka yi domin Kano, wurin gwajin shi ne bakin kamfani da tsakar rana, a kan itel ko Tecno da ma'adanarta ta cika, batir ya yi ja, sabis sanda ɗaya. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda ya yi kyau a kwamfuta, ɓacewa yake a ranar watan Afrilu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga mai sha'awar wannan sana'a

Ana iya fara wannan aiki ba tare da an iya rubuta umarnin kwamfuta ba. Figma na da tsarin kyauta, shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa tsara manhaja cikin darussansa, kuma a Kano akwai cibiyoyi irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub da matasa ke haɗuwa domin koyon fasaha.

Amma darasin farko ba ya buƙatar ko sisi. Matashi ya zauna kusa da mai POS na unguwarsu na awa ɗaya, ya rubuta duk tambayar da abokan ciniki ke yi: "Ya shiga?" "Sunan wa ya fito?" "Me ya sa aka cire sau biyu?" Kowace tambaya shaida ce cewa wani shafi bai yi bayanin da ya kamata ba. Sannan ya ɗauki takarda ya zana yadda shafin zai amsa ta kafin a yi ta.

Matashin da ya tashi a Dakata ko Gwagwarwa ko Kawaji yana da jarin da mai tsarawa a Legas ko Landan ba shi da shi. Ya san harshen, ya san wayar da ke hannun mutane, ya kuma san abin da Naira 20,000 ke nufi ga gidan da ke jiran ta a ƙarshen wata.